Babu Sunan Lyle a Allo

Litinin, 21 ga Oktoba, 7:40 na safe

Na riga kowa zuwa ofis, kamar kullum. Na ɗora gahawa, na ɗaga labule. Tafki ya kwanta luf, jirgin ruwa ɗaya mai dakon hatsi na jiran a ɗaga masa gada. Yau ake kunna sabuwar manhajar tsara aiki.

Ta huɗu ke nan a shekara goma sha tara da na yi ina riƙe da ayyukan sashen nan. Da bango muka fara, da 'yan takardu masu manne, in aka buɗe taga iska ta shigo sai aikin mako biyu ya zube ƙasa. Aka koma jadawali a kwamfuta, aka koma allon katuna da muke kai yanzu: kowane aiki kati ɗaya, kowane kati da sunan mai shi da ranar da ya yi alkawarin gamawa. In ranar ta wuce, kati ya koma ja. Duk wadda aka kawo sai an ce ita za ta kashe taro, amma har yau muna nan muna taron tsaye da tara da kwata, mu bakwai, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Ni kuma ina rubutawa da biro a littafin ofis, ana yi min dariya.

Wannan littafin daban ne. Mijina Gord ne ya saya min, ya ce ya gaji da ganina ina magana ni kaɗai a mota.

Litinin, 12:35 na rana

Trent, shugaban sashenmu, ya dawo daga wani babban taro a Chicago da sabuwar hula da sababbin kalmomi. Ya tsaya gaban allo ya ce nan da shekara uku babu wanda zai zauna rubuta rahoto a duk sana'ar nan. Ya ce manhajar ta riga ta karanta kowane kati da muka taɓa rufewa, za ta faɗi ranar da aiki zai ƙare tun ba a fara shi ba, badi kuma za a koya mata sauraron taro. Ya ce zamanin kankana ya wuce, wato aikin da ake nuna wa manya kore shar alhali cikinsa ja wur.

"Ashe boka aka sayo mana," in ji Desmond, wanda bakinsa ba ya hutawa. "Ranka ya daɗe, a tambaye shi ko motata za ta kai bazara."

"Wannan ba sai boka ba," in ji Pakou, maƙwabciyar teburinsa. "Ba za ta kai ba."

Suna ya zauna. Kafin a watse har Trent yana cewa Boka.

Trent ya tambayi Lyle Koskela ra'ayinsa, don shi ne dattijonmu, shekara sittin da ɗaya, kuma rabin manhajar da muke sayarwa, ta lodin jiragen ruwa, daga hannunsa ta fito. Ya kurɓi gahawarsa ya ce, "In yana da tambaya ya zo teburina kamar kowa."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma maganar kankanar nan ta tsaya min a rai.

Laraba, 23 ga Oktoba, 5:50 na yamma

Tsakani da Allah, Boka ya iya aiki. Rahoton da nake ɓata rabin Juma'a ina haɗawa, kafin in ajiye kofi ya fito da shi, kuma babu kuskure a ciki. Ya hango cewa aikin rumbun hatsi na gabas zai makara da kwana tara, saboda Pakou na jiran Desmond, Desmond kuma na jiran Pakou. Ni ban gani ba. Na so in ji haushi, na nemi haushin na rasa.

Mujallar 'yan sana'armu ta iso yau. A bangonta an tambaya da manyan baƙaƙe ko masu tsara aiki za su ƙara shekara biyar a duniya. Na sa ta a ƙarƙashin tukunyar furena, dama tana yi min yoyo a tebur.

Alhamis, 24 ga Oktoba, 1:05 na rana

Alhamis ce. Lyle ya ɗauki kwat ɗinsa da ƙarfe ɗaya, ya tafi kai matarsa Bev asibiti.

Juma'a, 25 ga Oktoba, 4:20 na yamma

Akwai wani shafi a cikin Boka da ban lura da shi ba sai yau. Ya jera sunayenmu, gaban kowa da sanda mai nuna yawan kayan da ya ɗauka a bana. Ta Pakou doguwa, ta Desmond doguwa, ta sauran ma ba laifi. Ta Lyle sai ka kusanto da fuska kafin ka gan ta. Kashi biyu cikin ɗari.

Na rufe shafin, na je na wanke kofunan kowa, na dawo na buɗe. Yana nan.

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tunda babu mai karantawa. A watan Fabrairu, makon da likitoci suka gaya wa Bev abin da suka gaya mata, Lyle ya tare ni a wurin ajiye motoci. Ya ce, "Noreen, daga yau ba zan iya cewa ga ranar da zan gama komai ba. Akwai Alhamis, akwai kuma ranakun da ke bin Alhamis." Dokar kamfani kuwa a fili take: wanda ba zai iya ɗaukar cikakken kaya ba sai ya koma rabin lokaci, kuma ɗan rabin lokaci ba shi da inshorar lafiya. A kan tasa Bev take. Shekararta hamsin da tara, da sauranta kafin ta kai shekarun samun ta gwamnati.

Sai na ce masa, "Kada ka ƙara sa sunanka a kati. Kati ke da rana, rana ke jawo ja, ja ke jawo Trent. Duk wanda ya maƙale, ka ja kujera ka zauna kusa da shi ka warware masa, shi ya rufe katinsa."

Ya dube ni ya ce, "Ya halatta kuwa?"

Na ce, "Ni ke riƙe da allo."

Wata takwas ke nan. Sashen nan bai taɓa tafiya daidai kamar bana ba, kuma na san dalili: mutumin da ya fi kowa sanin aikin ba shi da kayan kansa, yana ɗauke da na kowa. Har yabon kaina nake yi a zuci. Na ɓoye shi daga idon Trent, ban san za a kawo wani idon da ba ya ganin komai sai abin da aka rubuta a kati ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, 3:30 na yamma

Bayan coci ni da Gord muka kai wa Lyle da Bev tiren dankali da nama. Firij ɗinsu cike yake da irinsa, duk unguwa abu ɗaya muka iya. Bev na zaune bakin taga da hular saƙa. Ta rame, amma bakin nan nata yana nan.

"Noreen, don Allah ku riƙe min shi a can har biyar," ta ce. "In ya dawo da wuri sai ya tsaya a kaina yana tambaya ko ina son shayi. Shayi nawa cikin mutum zai ɗauka?"

"Ai mu ma haka yake mana," na ce. "Bai iya zama ba."

"Ina jin ku fa," in ji Lyle daga kicin.

"Don ka ji muke yi, tsoho."

Ta ce likita ya ce za a ci gaba da Alhamis ɗin nan har watan Maris, in jiki ya ɗauka. Ta faɗa kamar mai faɗin lokacin tashin bas. Ban yi maganar shafin ba. A hanya Gord ya tambaye ni me ya sa na yi shiru, na ce takalmi ne ke matse ni.

Talata, 29 ga Oktoba, 11:10 na safe

Trent ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ba ya rufe ƙofa.

Ya ce masu kamfani sun yanke cewa tunda an sayi Boka, kowane sashe ya rage mutum ɗaya. Mu bakwai mu koma shida, kuma sunan wanda za a sallama ya isa sama ranar sha biyar ga Nuwamba. Sai ya juyo min da kwamfutarsa. Shafin ne.

"Na rantse miki ban so ba," ya ce. "Lyle ne ya koya min aikin nan ina sabon zuwa. Amma dubi, Noreen, kashi biyu. Me zan ce wa na sama? Na san matarsa ba lafiya, ban dai san abin ya kai ya ajiye aiki haka ba. Ke kin lura?"

Trent ba mugu ba ne, shi ya sa abin ya fi ciwo. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ba ni lokaci in duba."

Shekara goma sha tara ina koya wa mutane su faɗi abin da ya tare musu hanya tun da safe, kada su bari ya girma. Na ji kunyar kaina ƙwarai.

Alhamis, 31 ga Oktoba, 1:05 na rana

Alhamis. Ya tafi. Ya manna wa Desmond 'yar takarda a kwamfuta: duba layi na ɗari huɗu da goma. Nan kuwa matsalar take.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, 12:50 na rana

Pakou da Desmond sun tsare ni a kicin ɗin ofis. Ashe shafin a buɗe yake ga kowa. Ban gaya musu maganar mutum shida ba, amma su ba yara ba ne.

"Abu mai sauƙi," in ji Desmond. "Mu koma tsofaffin katuna mu ƙara sunansa. Ai ba ƙarya ba ce. Rabin nawa shi ya yi, ni dannawa kawai na yi."

"Rabi?" in ji Pakou. "Kai dai faɗi gaskiya."

"Ke kuma wa ya ciro ki daga ramin nan na watan Yuni?"

"Ni ban musa ba."

Na ce su bari in gwada ɗaya. Na buɗe wani kati na watan Afrilu na sa sunan Lyle. Kafin in ɗauke hannu Boka ya rubuta a ƙasa, cikin ladabi, cewa an canja wannan kati wata bakwai bayan rufe shi, Noreen ce ta canja, da sha biyu da minti arba'in da ɗaya. Ya tambaya ko ina so ya sanar da Trent.

Na cire sunan. Ya rubuta wannan ma.

"Munafuki," in ji Desmond.

Ba munafuki ba ne, abin da aka yi yake faɗa. Na hana su taɓa ko kati ɗaya. In aka ga katuna ɗari sun canja a rana guda, ba mutum ɗaya za a rasa ba, kuma gaskiyar da muke da ita ma za ta koma kama da ƙarya.

Litinin, 4 ga Nuwamba, 9:50 na safe

Dusar ƙanƙara ta farko ta sauka. A taron tsaye mutum uku suka ambaci Lyle. Lyle ya warware min. Zan tambayi Lyle. Ni da Lyle mun gano. Maganar ta fito ta bi iska, sai 'yar wadda na kama da biro. Boka sai badi zai fara ji.

Bayan taro na ce masa a hankali ko zai ɗauki kati ɗaya ƙarami, ko biyu.

Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. "Na ga sandata," ya ce. "Gajera ce kamar mai ita." Sai ya ce, "Kati biyu ba za su gyara wata takwas ba, Noreen. Kuma jiya ta faɗi a banɗaki. In na sa rana zan karya alkawari, ban kuwa taɓa yi ba."

Na ce laifina ne.

"Laifin me? Wata takwas ina kai matata asibiti babu mai bina da agogo. Kada ma ki soma." Ya mayar da tabarau, ya ja kujerarsa zuwa teburin Pakou.

Garin neman gira an rasa ido, kuma ni ce mai neman girar. Bai san maganar mutum shida ba. Ko kuma ya sani, yana raga min ne.

Laraba, 6 ga Nuwamba, 6:15 na yamma

Na kwaso littattafan taron tsaye na kawo gida, guda biyar, daga Fabrairu zuwa yau. Gord ya kawar da kwanuka daga teburin cin abinci ya miƙo min jan biro. Duk inda wani ya ambaci Lyle na ja layi. Babu shafi ɗaya da ya tsira. Kowace rana da kwanan watanta, da sunan mai magana, da katin da ake magana a kai, ga tabon gahawa, ga inda biro ya ƙare na canja wani. Ba wanda zai ce jiya aka rubuta su.

"Ga shaidarki nan," in ji Gord. "Kai wa yaron nan Trent ya gani."

Sai na koma farkon littafi na ɗaya. Sha biyu ga Fabrairu, a ƙasan shafi, da hannuna: Cire L. daga allo. Kada T. ya sani. Har na ja layi biyu a ƙarƙashi, don halina ne in abu na da muhimmanci.

Na rufe littafin na ce wa Gord ya dawo da kwanukan, miya za ta huce.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, 1:05 na rana

Alhamis.

Asabar, 9 ga Nuwamba, 10:30 na safe

Takarda ɗaya ce. Littafin mai zoben waya ne a gefe, in ka ja takarda sai ta fita salin-alin, babu alama. Tun jiya nake buɗe shi ina rufewa.

Gord na kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, na fita da gahawa na tsaya a kansa. Na gaya masa komai, har da cewa takalmina lafiyarsa ƙalau. Ya jingina da shebur ya ce, "To, kin yage. Trent ya tambaye ki me ya sa mutumin da ke cikin kowane shafi ba ya cikin ko kati ɗaya. Ki ce me?"

"In ce sakaci ne."

"Na wa?"

In sakaci ne, to na Lyle ne, dattijon da ya ga dama ya daina bin ƙa'ida. Takardar nan ita kaɗai ke nuna cewa umarni aka ba shi, kuma ga wadda ta bayar.

"Ni dai abin da na sani," in ji Gord, "ke a kan inshorata kike, ta kamfanin jirgin ƙasa, kuma ba inda za ni. Iyakar abin da zan ce ke nan." Ya karɓi gahawar ya miƙo min shebur.

Na kwashe har bakin titi. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Litinin, 11 ga Nuwamba, 10:05 na safe

Na ajiye wa Trent littattafan su biyar a tebur, na farko a sama, a buɗe a sha biyu ga Fabrairu. Na ce ya fara daga nan.

Ya karanta layin. Ya sake karantawa. Kunnuwansa suka yi ja.

"T. ɗin nan ni ne?"

"Kai ne."

"Wata tara kina aiko min da rahoto."

"Kuma duk abin da ke ciki an yi shi. Ban dai faɗi wanda ya yi ba."

"Kankana," ya ce a hankali.

Na ce e.

"Haba Noreen. Da kin zo kin gaya min fa?"

Na tambaye shi, da na zo me zai yi? Ya dubi littafin dokokin kamfani da ke kan kanta. Sai ya ce in bar masa su.

Na fito na ba furena ruwa.

Talata, 12 ga Nuwamba, 5:30 na yamma

Ƙofarsa a rufe wuni guda. Ya kira Pakou, ya kira Desmond, ya kira sauran ɗaya bayan ɗaya. Desmond ya fito bai yi ko wasa ɗaya ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba, 4:45 na yamma

Ya kira ni da ƙarfe uku. Ba zan rubuta duka ba.

Ya karanta su biyar ɗin, shafi bayan shafi. Ya ce bai taɓa sanin haka sashensa ke tafiya ba. Ya ce ya yi waya sama sau biyu, adadin bai canja ba, shida ne. Ya ce maganar sha biyu ga Fabrairu ba za ta tsaya a ɗakinsa ba, dole ya kai ta gaba. Sai muka koma mu biyu muna kallon Boka a kwamfutarsa yana haɗa rahoton mako, ba wanda ya roƙe shi.

Shi ya fara faɗa ko ni, cewa sunana ne zai tafi sama maimakon na Lyle, har yanzu ban tabbata ba. Na dai san na nemi abu ɗaya, kuma a rubuce: Lyle ya zauna cikakken ma'aikaci, da Alhamis ɗinsa, aikinsa shi ne warware wa kowa, a kuma saita Boka ya ƙirga shi haka. Trent ya rubuta, ya sa hannu, ya ba ni kwafi. Idonsa ya kawo ruwa, sai ni na koma ba shi haƙuri.

Da na fito an ɗaga gada, wani dogon jirgi na shigowa. Na tsaya a taga har ya wuce duka.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, 1:05 na rana

Alhamis ce. Ya tafi da ƙarfe ɗaya. Mako mai zuwa ma zai tafi, da na bayansa, har Maris.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, 9:55 na safe

Trent ya faɗa a taron tsaye: mako ɗaya ya rage min. Desmond ya zagi Boka da kalmar da ba zan rubuta ba. Pakou ta fita, ta dawo da jan hanci, ta ce sanyi ne.

Lyle ya bari aka watse, ya biyo ni kicin ya rufe ƙofa.

"Wa ya aike ki?"

"Ba wanda ya aike ni."

"Sau biyu ke nan kina tsara min rayuwa kamar kati, Noreen. Na farko na yarda. Wannan ban yarda ba. Yanzu zan shiga wurin yaron nan."

"Shiga," na ce. "Ka ce a mayar da sunanka a madadin nawa. Sannan ka je gida ka ce wa Bev a dakata da Alhamis."

Muguwar magana ce, na sani. Ya riƙe mariƙin ƙofa ya daɗe bai murɗa ba. Ban taɓa ganin Lyle a gaban matsala ya rasa ta inda zai kama ta ba.

"Aikina Boka ya iya shi," na ce. "Naka bai iya ba. Ba alheri na yi maka ba, tsari na yi, kuma tsari sana'ata ce."

"Ƙarya kike yi."

"Rabi."

Ya fita ya bar ƙofar a buɗe.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, 2:00 na rana

Ina jin tsoro, gara in rubuta. Shekarata hamsin da shida. Na duba tallan aiki yau, kowanne yana neman wanda ya iya kiwon irin su Boka, ko kuma ba ya neman kowa. Wataƙila masu mujallar nan sun yi gaskiya. Wataƙila kuma nan da shekara biyar wani zai tsaya a Chicago da sabuwar hula ya ce an gano wata dabara, a samu mutum ya riƙa tambayar kowa lafiyarsa da safe. Ban sani ba. Na dai san gobe da tara da kwata ina da inda zan tsaya, ta wani makon kuma babu.

Bev ta yi waya. Ta ce, "Ba zan gode miki ba, don in na fara ba zan iya tsayawa ba, kuma likita ya hana ni gajiya. Ki zo ki ɗauki tirenki, ya cika min kicin."

Laraba, 20 ga Nuwamba, 12:20 na rana

Lyle bai yi min magana ba tun Juma'a, sai gaisuwa. Amma kullum na dawo daga taro ina samun gahawa mai zafi a teburina.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, 6:10 na yamma

Da safe mun yi taron tsaye kamar kullum, sai dai Desmond ya kawo donot, irin fanken nan mai huda a tsakiya, akwati biyu, ya ce motarsa ta rasu a hanya, a bas ya zo da su. Pakou ta ce ai ta faɗa.

Ga abin da nake so in rubuta. Ranar da aka sanar da tafiyata, Boka ya buɗe kati da kansa: karɓar ayyukan Noreen, littattafai da makullai da lambobin sirri, a gama yau da ƙarfe biyar. Ya duba allo ya nemi wanda kayansa suka fi na kowa sauƙi, ya ɗora masa. Ba sai na faɗi wa ya samu ba. Katin farko da ya ɗauki sunan Lyle a wata tara ke nan.

Tun ƙarfe uku na miƙa masa komai. Na kwashe teburina a kwali ɗaya. Ƙarfe huɗu da rabi na leƙa allo, katin a buɗe, ya koma rawaya.

Na rungumi tukunyar furena na je na tsaya a kansa.

"Lyle, rufe katin nan."

"Ban gama ba."

"Me ya rage? Ga makullai, ga littattafai, ga komai."

"Na ce ban gama ba."

Pakou da Desmond suka dage da kallon kwamfutocinsu, babu mai danna komai.

"Ƙarfe biyar zai koma ja," na ce. "Katinka na farko, ka bar shi ya yi ja? Bayan duk wannan?"

"In na rufe shi kin tafi ke nan."

"Ko ba ka rufe ba na tafi. Rufe, tsoho, ana ƙirgawa."

Bai motsa ba. Sai na yi masa tambayar da na yi masa kowace safiya shekara goma sha tara. Na ce, "To, me ya tare maka hanya?"

Ya cire tabarau, bai goge ba, ya mayar. "Ke," ya ce. "Kin tsaya min a kai kamar mai tallan shayi."

Na ja da baya taku ɗaya. Ya ɗora yatsa ya danna. Katin ya koma kore, biyar saura minti takwas. Boka ya rubuta masa madalla, an gama a kan lokaci.

Na ajiye tukunyar na laluba biro don in rubuta, sai na tuna littattafan ba nawa ba ne yanzu. Lyle ya gani. Ya jawo na biyar, ya buɗe inda na tsaya, ya karɓi biron daga hannuna ya yi rubutu, da wannan hannun nasa da ba mai iya karantawa sai ni. Ya juyo min da shi.

22 ga Nuwamba. Noreen ta warware min.

Ya ja layi biyu a ƙarƙashi.